Jinjina ga Ma'aikatan Tsakiyar Teku, daga Bonga zuwa Egina

Ma'aikatan da ke haƙo wa Najeriya ɗanyen mai a tsakiyar teku sun cancanci jinjina, kuma an daɗe ba a yi musu ita yadda ta kamata ba. A cikinsu akwai injiniyoyi da masana duwatsun ƙarƙashin ƙasa, akwai masu walda da masu nutso, akwai matuƙa jiragen ruwa da na sama masu saukar ungulu, akwai ma'aikatan jinya da masu dafa abinci. Mutum zai bar iyalinsa a Warri ko Fatakwal ko Kaduna, ya je ya tare makonni a kan ƙarfe, yana aikin sa'o'i 12 a kowace rana, a wurin da duk inda ya waiga ruwa ne. Azumi kan riske shi a can, Sallah ko Kirsimeti ta wuce yana bakin aiki. Mu da ke kan tudu ba mu ganin wurin aikinsu, ba mu jin rurin injinansu. Abin da ke iso mu shi ne kason da ake rabawa a Abuja duk wata, wanda da shi ake biyan malamin firamare a Gumel da ungozoma a Biu.

Mai shakkar girman abin da suke yi, ya tuna da shekarar 2022. A lokacin ɓarayin mai sun huhhuda manyan bututan da ke ratsa fadamun Neja Delta, har wasu kamfanoni suka gwammace su rufe rijiyoyinsu da su ci gaba da tura man da ba ya isa tasha. A watan Satumba na shekarar, ɗanyen man da ake haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan 1 a rana, a ƙasar da take kusantar miliyan 2.5 a 2005. Filayen teku mai zurfi ne suka tallafi baitulmali a watannin nan, domin mansu ba ya bin bututu ta daji ko ta bayan ƙauye. Daga rijiya yake hawa jirgin ajiya, daga nan sai jirgin dako. Nisan da ya ɓoye mana ma'aikatan shi ne ya tsare man daga hannun ɓarawo.

Sai an san irin aikin kafin a san nauyin yabon. Kafin a huda ko'ina, wani jirgin ruwa ne zai yi wata da watanni yana kai-kawo, yana jan wayoyi masu tsawon kilomitoci, yana harba amo ƙasa yana naɗar amsa-kuwwarsa. Da ita masana ke zana hoton duwatsun da ke kwance ƙarƙashin teku a kwamfuta, su ce nan akwai alamar mai. Alama ce kurum. Sai an kawo jirgin haƙa, wanda hayarsa ta yini ɗaya ke cin ɗaruruwan dubban daloli, kafin a san mai ne a wurin ko ruwan gishiri. A ƙauyukanmu rijiya mai gaba 30 ana kiranta mai zurfi, ana kuma girmama wanda ya haƙa ta. A filin Egina, ruwan da ke tsakanin jirgi da ƙasan teku kaɗai ya kai mita 1,600, kusan gaba 900 ke nan, kuma daga nan ne haƙar ma take farawa. Babu ɗan Adam da zai yi nutso ya kai wurin. Duhu ne da sanyi da nauyin ruwa mai murƙushe duk abin da ba don wurin aka ƙera shi ba. Da na'urori masu hannuwa da fitilu da kyamara ake aiki a can, mutum na zaune a ɗaki cikin jirgi yana sarrafa su, yana ɗaure noti a inda ƙafarsa ba za ta taɓa takawa ba.

Man yana hawowa gauraye da ruwa da iskar gas da yashi. Mai karɓarsa wani makeken jirgin ruwa ne da ake ɗaurewa wuri guda shekara 20 ko fiye, wanda masu sana'ar ke kira FPSO. A kansa ake raba mai da ruwa da gas, a cikinsa ake adana man, daga gare shi ake ɗura wa jiragen dako. Shi ke ba kansa wutar lantarki, shi ke mayar da ruwan teku ruwan sha. Kuskuren mutum ɗaya a wurin da gas ke gudu da ƙarfi zai iya cinye kowa, shi ya sa a can ko sauka daga matakala yana da ƙa'ida.

Ba dare ɗaya aka kai nan ba. An samu mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. A 1965 kamfanin Gulf ya fara haƙowa a filin Okan, cikin ruwa marar zurfi kusa da bakin kogin Escravos. Teku mai zurfi kuwa sai a 1993 aka rarraba filayenta, bisa yarjejeniyar kamfani ya zuba kuɗinsa ya yi bincike, in ya dace ya cire abin da ya kashe, a raba ragowar da gwamnati. Filin Abo na kamfanin Agip ya fara ba da mai a 2003. Bonga na Shell, wanda aka gano a 1996 a nisan kilomita 120 daga gaɓa, ya biyo baya a Nuwamban 2005 da ƙarfin ganga 225,000 a rana. Sai Erha a 2006, Agbami a 2008, Akpo a 2009, Usan a 2012. Kowannensu abin alfahari ne, amma akwai abin da ke ci wa masu kishi tuwo a ƙwarya: mai namu, aiki na wasu. Gangar jikin jirgin Bonga a Koriya ta Kudu aka ƙera ta, aka ja ta zuwa kogin Tyne a Ingila aka ɗora mata injuna, aka kawo mana ita a gama. Na Agbami da na Akpo su ma daga Koriya suka zo. Abin da hannun gida ya taɓa kaɗan ne, irin makeken ƙarfe mai iyo na lodin man Bonga da kamfanin Nigerdock ya ƙera a Legas.

Waɗanda suka ƙi yarda a dawwama a haka su ma suna da haƙƙin jinjina. Tun Farfesa Jibril Aminu yana ministan man fetur, a farkon shekarun 1990, aka fara buɗe wa kamfanonin 'yan ƙasa ƙofar mallakar filaye. Amma abin da ya juya akalar al'amarin shi ne dokar da Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu ranar 22 ga Afrilun 2010, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, wadda ta wajabta fifita 'yan Najeriya da kayan Najeriya a kwangilolin mai da gas. Dokar ta kafa hukumar NCDMB mai hedikwata a Yenagoa, ta ce duk kamfanin da zai yi aiki ya fara kawo tsarin abin da zai yi a cikin gida, ta kuma ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin kwangila don asusun horarwa da tallafa wa kamfanonin gida. Injiniya Ernest Nwapa ne ya aza harsashin hukumar, Injiniya Simbi Wabote ya ɗora daga 2016 zuwa 2023. Masu cewa yin aiki a gida zai ƙara tsada ya kawo jinkiri ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya. Sai dai shugabannin hukumar sun ga cewa ƙasar da ba ta jure tsadar koyo ba za ta dawwama tana biyan wasu, suka tsaya a kan bakansu. Bisa ƙididdigar hukumar, kason da ke tsayawa a gida ya tashi daga kusan kashi 5 cikin 100 kafin dokar zuwa kashi 54 a 2022, burinta kuma kashi 70 a 2027.

A Egina aka ga amfanin dokar ƙuru-ƙuru. Kamfanin Total ya gano filin a 2003, a nisan kilomita 150 daga gaɓa, ya yanke shawarar zuba jari a 2013, kuma shi ne babban aikin teku mai zurfi na farko da aka soma bayan dokar. Abokan haɗin gwiwarsa su ne CNOOC na Sin, da Petrobras na Brazil, da SAPETRO na Janar T. Y. Ɗanjuma, tare da kamfanin mai na ƙasa, NNPC. Gangar jirgin, mai tsawon mita 330 da ke cin ganga miliyan 2.3, kamfanin Samsung ne ya ƙera ta a Koriya. Amma wannan karon jirgin bai zarce teku ba. A Janairun 2018 aka jawo shi ya shigo Legas, ya tsaya a filin LADOL da ke Tarkwa Bay. Daga cikin manyan sassa 18 da ke bisansa, 6 a Najeriya aka ƙera su, a Legas aka ɗaga su aka ɗora, aka haɗa bututu da wayoyi. Ba a taɓa yin irin wannan haɗi a ƙasar nan ba. A Fatakwal aka ƙera manyan ƙarafan da za su zauna a ƙasan teku, a Onne aka harhaɗa kawunan rijiyoyin aka gwada su. Total ya bayyana cewa tan 60,000 na kayan aiki a gida aka ƙera, kuma kashi 77 cikin 100 na sa'o'in aikin a Najeriya aka yi su. A watan Agusta jirgin ya bar Legas. Ranar 29 ga Disambar 2018 man farko ya hau, a filin da aka tsara wa ganga 200,000 a rana, kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasar ke haƙowa a lokacin.

Ina so a ɗan tsaya a kan masu waldar nan. Ɗinkin ƙarfen da zai yi shekaru a ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita 1,600 ba a karɓarsa da kallon ido. Da na'ura ake haska shi a duba cikinsa, aibi kaɗan ya isa a ce a yanke a sake. Matasan da suka ci wannan jarrabawa sunayensu ba su fito a jarida ba, ba kuma su aka ba lambar yabo a otal ba. Amma su ne suka rufe bakin masu cewa hannun ɗan Najeriya bai kai ba. Allah Ya saka musu da alheri.

A sama ma an ga canji. Lokacin aikin Egina, mataimakin manajan darakta mai kula da teku mai zurfi a Total shi ne Injiniya Ahmadu Musa Kida, ɗan jihar Borno da ya yi karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Injiniya Bashir Bayo Ojulari, shi ma ɗalibin Zariya, ya shugabanci reshen Shell mai tafiyar da Bonga daga 2015 zuwa 2021. Wadda ta gaje shi, Injiniya Elohor Aiboni, ita ce mace ta farko a kujerar, kuma a zamaninta, a Fabrairun 2023, Bonga ya cika ganga biliyan 1. A Afrilun 2025 aka naɗa Ojulari shugaban NNPC, Kida kuma shugaban hukumar gudanarwarsa. Wato waɗanda suka san teku aka danƙa wa ragamar kamfanin ƙasa.

Sojojin ruwa da hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta NIMASA su ma a yaba musu. A Yunin 2008 'yan bindigar ƙungiyar MEND ta Neja Delta sun keta teku a ƙananan jirage masu gudu suka kai wa Bonga hari, har aiki ya tsaya. A 2020, cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka sace a faɗin duniya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka ɗauke su. Dokar yaƙi da fashin teku ta 2019, da shirin Deep Blue da aka ƙaddamar a Yunin 2021, da ɗaurin da kotunan ƙasar suka fara yanke wa 'yan fashi, sun rage abin matuƙa. Matar da mijinta ke kan jirgin kai kaya tsakanin Onne da Agbami ta san bambancin, ko da ba ta san sunan shirin ba.

Akwai kuma gyaran da aka yi wa rabon kuɗi. Tsarin 1993 ya yafe harajin ganga gaba ɗaya ga duk filin da zurfin ruwansa ya wuce mita 1,000, don a jawo masu jari zuwa inda ba a san abin da ke ciki ba. Rangwamen yana da hujja a lokacinsa. Sai dai doka ta ce a sake duba rabon da zarar farashin ganga ya haura dala 20. Farashi ya haura har ya wuce dala 100, gwamnatoci suka zo suka wuce ba wanda ya duba. Jihohin Ribas da Bayelsa da Akwa Ibom ne suka kai maganar Kotun Ƙoli, aka yi sulhu a gabanta a Oktoban 2018. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a gyaran dokar, wanda ya ɗora harajin kashi 10 cikin 100, da ƙari idan farashi ya tashi. Jihohin nan uku ƙasa baki ɗaya suka yi wa aiki. Wata doka ta 2004 ta tsayar da kashi 13 cikin 100 na jihohi masu arzikin mai a iyakar ruwan da zurfinsa bai wuce mita 200 ba, don haka abin da ake samu daga Bonga da Agbami da Egina, Jigawa da Yobe suna da haƙƙi a cikinsa kamar kowace jiha.

To, a koma Tarkwa Bay. Bayan fitar jirgin Egina a Agustan 2018, shekaru suka shuɗe ba a sake haɗa irinsa a wurin ba. Saɓani ya shiga tsakanin Samsung da LADOL har gaban alƙali, amma ko babu saɓanin, babu aikin da za a kawo. Daga 2013 da aka amince da Egina, sai a Disambar 2024 aka sake yanke shawarar zuba jari a wani babban aikin teku mai zurfi, wato Bonga North, mai kimanin dala biliyan 5 da ganga 110,000 a rana. Shi ma da tsohon jirgin Bonga za a jona shi, ba sabo za a ƙera ba. Shekara 11 ke nan. A tsakanin nan ƙwararrun da aka kashe kuɗi aka horar dole su watse su nemi abinci a wani wuri, kuma takardar shaidar irin wannan walda tana mutuwa idan mutum ya yi watanni bai taɓa aikin ba. Wannan asara ba ta fitowa a kasafin kuɗi, amma tana da ciwo, domin an sha wuya kafin a samu hannayen nan.

Rijiyoyi kuma ba sa jira. Kowane filin mai yana da ganiyarsa, daga nan sai ruwa ya riƙa yawa mai yana ƙaranci. Bonga ya kai shekara 20, Agbami da Akpo sun wuce 15, Egina kansa ya sauko daga ganiyarsa. Alhali ga filayen da aka riga aka gano suna kwance: Bonga South West da Aparo, Owowo, Preowei, Nsiko, Bosi. Ga Zabazaba da Etan a cikin filin OPL 245, wanda aka ba kamfanin Malabu a 1998 lokacin Dan Etete yana ministan man fetur, ya shafe shekaru fiye da 20 cikin shari'a tsakanin Abuja da Landan da Milan ba a ɗebi ko ganga ɗaya ba. Dokar masana'antar man fetur da aka fara kai wa majalisa a 2008 sai a Agustan 2021 ta samu sa hannu, mai dukiya kuwa ba ya zuba biliyoyi a inda bai san harajin da zai biya baɗi ba. Jarin da ya kamata ya zo nan ya nufi wasu wurare. Guyana ta gano mai a tekunta a 2015, ta fara haƙowa a 2019, a 2024 ta wuce ganga 600,000 a rana. Kwaddibuwa ta gano filin Baleine a 2021, a 2023 mai ya fara fitowa.

Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya bayar a 2024, na rage lokacin amincewa da kwangila zuwa wata 6 da rangwamen haraji ga sabbin ayyukan teku mai zurfi, ya zo a kan gaɓa. Abin da ya rage ga hukumar NUPRC mai sa ido kan haƙar mai da NNPC da ma'aikatar man fetur shi ne kada Bonga North ya zama ɗaya tilo. A jera ayyukan yadda kafin wani ya ƙare wani ya kankama, don filayen ƙira su rayu, ma'aikaci ya san inda zai dosa gobe. Jirgi na gaba da za a ƙera kuma, kada a gamsu da sassa 6 cikin 18. NCDMB ma tana da gyara a gidanta. A inuwar dokar 2010 an samu 'yan kwangilar da ba su da ma'aikata, ba su da injin walda ko ɗaya, sai takarda da sanayya. Su karɓi aiki da sunan 'yan ƙasa, su miƙa wa baƙo, su cire la'adarsu. Wannan na ƙara wa gangar Najeriya tsada, yana kuma shafa wa waɗanda suka gina masana'anta da guminsu kashin kaji. Kashi 54 ɗin nan zai fi gamsarwa idan hukumar ta riƙa fayyace nawa ne ƙarfen da aka yanka aka ɗinka a nan, nawa ne kayan da aka shigo da su aka sauya wa takarda.

Abin da ya fi damuna shi ne rayuka. A Janairun 2012 dandamalin haƙa na KS Endeavor ya kama wuta a filin gas na Funiwa, daura da gaɓar Bayelsa, mutum 2 suka rasu, wutar ta yi kwana 46 tana ci bisa ruwa. A Mayun 2013 jirgin jan kaya Jascon 4 ya kife kusa da Escravos da mutum 12. Mai dafa musu abinci ne kaɗai ya rayu, bayan ya yi kusan kwana 3 yana shaƙar 'yar iskar da ta maƙale a wani lungun jirgin, mita 30 ƙarƙashin ruwa, har masu nutson da suka je ɗauko gawarwaki suka same shi da rai. Duniya ta yi ta al'ajabin wanda ya tsira, sauran 11 kuwa iyalansu ne ke ɗauke da zafin rashinsu. A Fabrairun 2022 tsohon jirgin ajiya Trinity Spirit, wanda aka ƙera tun 1976, ya fashe a filin Ukpokiti da mutum 10 a ciki, 3 aka samu da rai. A Oktoban 2024 jirgi mai saukar ungulu ɗauke da mutum 8 ya faɗa teku kusa da Bonny a hanyar kai ma'aikata bakin aiki. Allah Ya ba iyalansu haƙurin rashi.

Kowane ɗaya daga cikin haɗurran nan yana da sanadi, kuma haƙƙin jama'a ne su san shi. Rahoton bincike ya fito fili, a faɗi abin da ya lalace, da wanda ya sa hannu ya ce lafiya lau, da abin da aka gyara daga baya. Jirgin da ya tsufa a sallame shi tun bai ci rai ba. Sannan a dubi tazarar da ke tsakanin ma'aikacin dindindin da ɗan kwantiragi. Jirgi ɗaya suke hawa, a tebur ɗaya suke cin abinci, haɗari ɗaya suke fuskanta, amma albashi da haƙƙoƙinsu ko kusa ba ɗaya ba. Ƙungiyoyin ma'aikatan mai na PENGASSAN da NUPENG sun daɗe suna kuka a kan wannan. Ɗan kwantiragin da ke tsoron kora ba zai ɗaga murya ya ce a tsayar da aiki don ya ga tsatsa a bututu ba, shirun nasa kuwa kowa zai iya cinyewa.

Sai masunta. A Disambar 2011, ana cikin ɗura wa wani jirgin dako mai a Bonga, ganga kusan 40,000 ta malale a teku. Hukumar NOSDRA mai binciken malalar mai ta ci Shell tarar dala biliyan 3.6, kamfanin ya ƙalubalanci hukuncin. Wasu mazauna gaɓa suka kai ƙara Ingila, a Mayun 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce sun makara, wa'adin shigar da ƙara ya ƙure. Irin wannan jayayya ba za ta ƙare ba sai hukumar da ke binciken malalar mai tana da jirginta na ruwa da na sama da ɗakin gwajinta, domin wanda ya hau jirgin kamfani ya je binciken kamfani, da wuya a yarda da rahotonsa ko da gaskiya ya faɗa. Dokar 2021 ta ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfani don al'ummomin da ke maƙwabtaka da aikin, har da na bakin teku. A tabbatar kuɗin ya isa ga mai kwalekwale da mai ƙyafe kifi, kada ya maƙale a hannun 'yan kwamiti.

Manyan kamfanonin waje suna janyewa daga tudu da ruwa marar zurfi suna tattara ƙarfinsu a teku mai zurfi. A Disambar 2024 Seplat ya karɓi kadarorin Mobil na gaɓar Akwa Ibom, a Maris na 2025 Renaissance ya karɓi na Shell. Ina taya 'yan gida murnar kaiwa wannan matsayi. Sai dai wasu ƙarafan da suka gada tun shekarun 1970 aka kafa su, kuma wata rana dole a toshe rijiyoyin a cire dandamalin. Doka ta ce kowane kamfani ya riƙa tara kuɗin wannan aiki a asusu na musamman. NUPRC ta riƙa gaya wa jama'a ko ana tarawa.

Mu ma 'yan Arewa akwai namu. Mun saba da jiran kason wata-wata, ba mu saba da tambayar yadda ake samar da shi ba. Kida da Ojulari daga azuzuwan Zariya suka fita, marigayi Dokta Rilwanu Lukman da marigayi Muhammad Sanusi Barkindo sun riƙe sakatariyar OPEC, don haka mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Inda ya kamata mu ƙara yawa shi ne cikin masu walda da masu haɗa bututu da masu gyaran na'urorin awo da lantarki da ma'aikatan jiragen ruwa, sana'o'in da ba su buƙatar digiri amma suna buƙatar takardar shaidar da duniya ta yarda da ita. Akwai asusun PTDF da aka kafa tun 1973 don horar da 'yan ƙasa, akwai kwalejin horar da ma'aikatan man fetur a Effurun, akwai makarantar koyon aikin teku a Oron, duk na tarayya ne. Wanda ya bi ta layukan masu walda a Kano ya ga yara masu hannu mai kyau suna aiki ko tabaran kirki babu. Gwamnan da zai zaɓi 200 daga cikinsu kowace shekara, ya biya musu horo da kuɗin jarrabawar shaida da na koyon tsira a teku, ya zauna da NCDMB a kan guraben Bonga North da ayyukan da za su biyo baya, abin da zai kashe bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba. Kwalejojin fasaha na Kaduna da Kano da Bauchi suna da ɗakunan aiki da malamai. A ƙara musu injuna da kayan gwaji na zamani daga asusun kashi 1 ɗin nan, domin don irin wannan aka kafa shi.